Shekarun da Na Rufe wa Nafisa Ido

Kun girma kuna jin ana cewa babanku ne ya hana ni tafiya karatu. Gwaggonninku sun faɗa, maƙwabtanmu na unguwar Ridina sun faɗa, ni kuwa ban taɓa gyara maganar ba, domin a lokacin ta fi mini sauƙi a haka. Shi ma bai taɓa buɗe baki ya wanke kansa ba har Allah ya karɓi ransa. Yanzu da na ajiye alli, hannuna kuma ya fara rawa, ina so in rubuta muku yadda abin ya faru. Ke Nafisa, ki karanta a natse, don ke ce tsakiyar labarin, ko da yake ba ki da laifin komai a cikinsa.

A ƙarshen shekarun casa'in muna zaune a gidan kakarku, mahaifiyar babanku, wadda nake kira Inna. Mahaifinta ya taso daga Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka, ya tsaya a garin nan don ya yi noman damina ɗaya ya ƙara guzuri, daminar nan ba ta ƙare ba har ya tsufa ya rasu. Inna ta gaji gidan, ta gaji taurin kansa, Hausarta kuma rabi Larabcin kasuwa ce. Babanku yana da shagon gyaran keken ɗinki a unguwar Diguel. Ni ina koyar da ilimin halittu a lise, wato makarantar sakandare, aji ɗaya ya fi yara tamanin, abin hangen ƙananan halittu guda ɗaya ne a makarantar, shi ma a kulle a ofishin shugaba. Nafisa tana da shekara uku da rabi lokacin da na lura tana karkatar da kai idan za ta kalli mutum, idonta na hagu kuma yana ɗan zamewa wajen hanci. Inna ta ce kyau ne, ƙanwarta ma haka take. Wata rana da hantsi na zaunar da ke a cinyata, na ajiye dabino a kan tabarma, na rufe miki idon hagu da tafin hannuna. Kika yi dariya kika ɗauke dabinon. Na rufe na dama. Kika fasa ihu, kina laluben tabarma, dabinon yana gabanki ba ki gan shi ba.

Likitan idon da muka gani dattijo ne ɗan kudu, mai magana a hankali kamar yana tsoron ta da wani daga barci. Ya ɗiga miki magani, ya haska, ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo wurina da Faransanci.

"Madam, idon kansa lafiyarsa ƙalau. Hoton da yake aikawa ne ba ya fita sosai, sai ƙwaƙwalwa ta daina sauraronsa. Za ta sa tabarau. Amma tabarau kaɗai ba zai isa ba. Sai an rufe mai kyaun da filasta, awa shida kullum, a tilasta wa ɗayan ya yi aiki."

"Har yaushe?"

"Shekara biyu, wataƙila uku. Idan ta wuce bakwai ko takwas ba a yi ba, abin da za mu iya kaɗan ne."

Na fito daga asibitin na gane maganarsa fiye da yadda ya zata. Tun ina jami'a ba abin da ya kama zuciyata kamar ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa. Wata malamata Bafaranshiya da ta koma ƙasarsu ta riƙa aiko mini da takardun bincike ta gidan waya, ina karantawa da ƙamus a gefe. Daga nan na san jariri ba ya zuwa duniya da ƙwaƙwalwa gamammiya. Kowace ƙwayar jijiya tana miƙa rassa sirara, tana neman 'yan'uwanta, inda reshe ya taɓa reshe kuma sai a sami wata 'yar mahaɗa da ido ba ya gani. A bakin mahaɗar akwai sunadaran furotin iri-iri, wasu suna karɓar saƙo, wasu suna riƙe masu karɓar a wurinsu, wani kuma ƙofa ne da ba ya buɗewa sai ƙwayoyin biyu sun motsa a lokaci ɗaya. Idan ya buɗe, kalsiyam ya kwarara ciki, sai ya tada waɗansu sunadaran su ƙara wa mahaɗar ƙarfi, ta yi kauri, ta zauna. Wadda saƙonta yake zuwa da rauni, a makare, kalsiyam ɗin da ke shiga ba ya isa, sai ta yi ta ramewa har reshen ya janye. Idanun yaro biyu kuwa gasa suke yi a kan fili ɗaya a bayan ƙwaƙwalwa. Na karanta yadda aka rufe wa 'yan kyanwa ido ɗaya a makonninsu na farko, da aka buɗe idon yana nan garau, amma ba ya gani, ɗan'uwansa ya mamaye wurinsa. Na karanta wannan da sha'awa, har na ja layi a ƙarƙashi da jan biro. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana zan riƙe hannun 'yata a bakin titi ina tuna shi ba.

Da na yi wa Inna bayani ta saurare ni har ƙarshe, tana gyara goronta a baki.

"To ni ban gane ba. Yarinya tana da ido ɗaya mai gani, ki rufe shi, ki bar ta da wanda ba ya gani. Wannan magani ne ko horo?"

"Inna, mai ganin ne yake danne ɗayan. Sai an hana shi, sannan kalsiyam zai riƙa shiga jijiyoyin na hagun su yi ƙarfi."

"Kalsiyam? Ba shi ne suke faɗa a rediyo yana cikin madara ba?"

"Shi ne, amma..."

"Kalas. An gama."

Washegari ta tare wata Balarabiya mai tallan madara, ta yi mata kashedi kada ta wuce ƙofarmu ko rana ɗaya. Kullum da safe ta dafa, ta fifita, ta ba ki kofi cike, tana kallona ta gefen ido. Na yi ta gaya mata ba a abinci ya gaza ba, jikinki cike yake da shi, ƙofar ce ba ta buɗewa sai idon ya yi aiki. Ta ce ita dai ba ta ga ƙofa ba, amma ta ga madara. Na bar ta. Madarar ba ta cuce ki ba, har kumatu kika yi.

Filastar ce ta zama yaƙi. Na kan manna miki ita bayan sallar asuba kafin in fita, in roƙi Inna ta bari har azahar. Kina ganin na buɗe kwalin sai ki ruga bayan randa. In kamo ki, in matse ƙafafunki da gwiwoyina, kina ihu kina kiran Kaka, yayyenki suna karin kumallo kai a ƙasa. Idan na gama, sai ki tsaya tsakar gida hannuwa a miƙe, ba ki san inda za ki sa ƙafa ba. Da wannan hoton nake shiga aji kullum, in tsaya gaban allo ina zana ƙwayar jijiya da rassanta.

A mako na biyar abin ya faru. Ranar Lahadi ce, ina wanki a bayan ɗaki, Inna ta ɗora shayi a kan murhun gawayi ta shiga ɗauko sukari. Kika taho kina lalube, kika yi tuntuɓe, kika dafa murhun da hannun dama. Ban taɓa jin kuka irin wannan ba. Kafin in iso Inna ta riga ni, ta tsoma hannunki a ruwa, da ɗaya hannun kuma ta fizge filastar ta jefa cikin garwashi.

"Rakiya, ki dube ta. Ki dubi hannun nan. Karatun naki ne ya yi wannan."

Ta rungume ki, ta ci gaba.

"Miskina, yarinya tana cikin gidan ubanta kamar makauniya. Ni na haifi tara, ban taɓa rufe wa ɗa ido da hannuna ba. Ba a gidan nan ba kuma. Kin ji ni?"

Tabon da ke tafin hannunki, Nafisa, daga nan ne. An gaya miki wasa kike yi kika faɗi. Ba wasa kike ba. Ni na rufe miki ido, na kuma tafi wanki na bar ki da wuta a tsakar gida. Na jira kwana huɗu hannun ya lafa, a rana ta biyar na buɗe kwalin. Inna ta tashi ta shiga ɗakinta ta saki labule, ta yi mako biyu ba ta amsa gaisuwata sai da kai.

Ana cikin haka aka tura ni garin Mundu aikin jarrabawa na mako biyu. Kafin in tafi na zaunar da babanku na nuna masa yadda ake mannawa, ya yi alkawari. Da na dawo na duba kwalin, guda biyu kawai aka taɓa. Na same shi a shago da rana, ya kwance kan wani keke yana zuba masa mai.

"Malam, ina alkawarin?"

Ya goge hannu da tsumma, bai ɗago ba.

"Na yi ran farko. Na yi rana ta biyu. Ta riƙe mini gemu tana cewa Baba me na yi maka. Rakiya, na yarda da ke, na san gaskiya kike faɗa. Amma ban iya ba. Ki yi mini faɗan, na cancanta."

Ban yi masa faɗa ba. Na koma gida a motar haya, ina kallon gari ta taga, na san wani abu da ban so in sani ba. A duk gidan nan, mutane goma sha ɗaya, ni kaɗai ce zan iya jure kukanki.

Bayan kwana tara wasiƙar malamata ta iso. Shekara huɗu tana nema mini burs, wato tallafin karatu, ga shi ya fito. Shekara uku a wani ɗakin bincike inda suke rainon ƙwayoyin jijiyar ɓera a cikin faranti, suna zuba musu wani rini da ke haske duk lokacin da kalsiyam ya shiga. Ta rubuta cewa idan aka kashe fitila aka leƙa, sai ka ga hasken yana gudu daga reshe zuwa reshe. Ni ban taɓa ganinsa ba sai a hoton takarda, baƙi da fari, wanda injin kwafi ya cinye rabinsa. Ba zan ɓoye muku ba, na so in ga abin nan da idona fiye da yadda na taɓa son wani abu na duniya. Tallafin na mutum ɗaya ne, ɗakin ɗalibai ne, ba a zuwa da yaro. Na yi lissafin shekarunki. In na tafi, zan dawo kina da bakwai da 'yan watanni.

Na ba babanku wasiƙar bayan la'asar, na fassara masa. Ya sa na maimaita wurin hasken sau biyu.

"Ki tafi," ya ce.

"Nafisa fa?"

"Zan koya. Zan daure. In ya gagara in kai ta asibiti kullum su manna mata. Wannan abin ba ya zuwa sau biyu. Tun kafin in aure ki nake jin kina maganar jijiyoyin nan."

"In ka kai ta asibiti, wa zai hana Inna cirewa kana juya baya?"

Na ƙara tambayarsa.

"Kai kanka in ka dawo ka tarar an cire, za ka mayar?"

"Kada ki sa ni in yi miki ƙarya," ya ce. "Amma ki sani, ni ban ce ki zauna ba. Yarinya tana da ido ɗaya lafiyayye. Mutane nawa suka rayu da ɗaya? In kin tafi ba wanda zai ce kin yi laifi, ni ne zan tsaya miki a gaban kowa."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta sa shawarar ta yi nauyi. Ba maganar rai ko mutuwa ba ce. Da na tafi, da kin girma, kin yi karatu, kin yi aure, da wuya wani ya lura. Na yi kwana shida ina juya wannan. Abin da ya tsaya mini shi ne na san abin da ke faruwa a bayan kanki a kowace rana da ta wuce, rassan nan suna janyewa ɗaya bayan ɗaya, kuma na san akwai shekarun da in suka wuce ba a dawo da su. Da ban sani ba, da na tafi da zuciya ɗaya. Ranar Alhamis a ɗakin malamai, tsakanin darasi biyu, na yagi takarda daga littafin ɗalibi na rubuta wa malamata cewa na gode, ba zan samu zuwa ba. Layi biyar ne. Na kai gidan waya da kaina don kada in sake tunani. Da labari ya bazu a dangi, kowa ya ɗauka mijina ne ya hana, tunda haka aka saba ji. Na bar su a haka, don ban so a ce saboda ke ne, ki girma da wannan a wuyanki. Ban yi tunanin abin da na ɗora a wuyan babanku ba.

Na nemi a mayar da darussana na yamma, safiya ta zama tamu. Shekara biyu da wata bakwai muka yi. In manna filasta, in kawar da duk abin da zai ƙone ki ko ya yanke ki, in zuba shinkafa a faifai mu tsince tsakuwa, ko in zana miki kaji a ƙasa ki ƙirga ƙafafunsu. Da farko sai kin kai hancinki kusa da faifan. Bayan wata huɗu kika fara ɗagowa. Wata safiya kika ce, "Ga tururuwa," kika bi ta da yatsa har gindin bango, na shiga ɗaki na yi kuka don kada ki gani. Inna ba ta taɓa manna miki filastar ba har ta bar duniya, ba ta kuma taɓa cewa na yi daidai ba. Amma ranar da ta ga kin zura zare a dutsen ado, sai ta tsinke tsohuwar sarƙarta ta murjani ta juye a tasa, ta ce ki mayar mata. Kina gamawa ta sake tsinkewa. Sarƙar nan ta tsinke ya fi sau ɗari.

Abin da na biya ba karatun kaɗai ba ne. Kin daina zuwa wurina in kin ji ciwo, wurin Kaka kike zuwa. Akwai lokacin da kika koma kirana Malama kamar yaran unguwa, aka yi ta dariya, ni ban yi ba. Wata rana kika cire filastar kika ɓoye a ƙarƙashin tabarma har sau uku a safiya ɗaya, na mare ki. Ba don filastar ba ne. A ranar ne wasiƙar malamata ta zo tana gaya mini wanda aka ba gurbina, da abin da ya fara ganowa. Na huce a kanki, kuma ban taɓa ba ki haƙuri ba. Ina ba ki yanzu. Idan kuna son ku san ko na yi nadamar zama, ba zan ce muku a'a ba ƙwal. Akwai ranakun da nake tsaye gaban allo ina zana mahaɗar nan da alli, in tuna ɗakin binciken da ban je ba. Har yau ban ga hasken ba sai a waya, da jikana ya nemo mini. Amma ko a ranakun nan ban taɓa cewa da na sani da na tafi ba.

Idon bai dawo duka ba. A allon likita akwai layukan zane, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Ranar farko ba ki ga ko na sama ba. A zuwanmu na ƙarshe kin kai layi na shida, biyu na ƙasa suka gagara. Ya gwada ki wata uku a jere ba ƙari, sai ya rufe takardarsa ya ce abin da za a samu an samu, a rage filastar a hankali a daina. Na tambaye shi ko da na fara da wuri da ya fi haka. Ya ce wataƙila, ya kuma ce bai cika ganin uwar da ta kai ƙarshe ba.

Ranar da muka daina gaba ɗaya kina da shekara shida da rabi. Da muka gama abincin rana kika ɗauko kwalin, saura guda uku a ciki, kika tsaya a gabana.

"Yau ke za ki sa."

Inna tana kan tabarmarta, ta ce, "Ai kuwa sai ta sa." Na zauna, kika manna mini a idon dama, a karkace, har da gashin gira. Na tashi na zaga tsakar gida, na ɗauko buta, na ce ga shi na sa. Kika dube ni, ranki a ɓace.

"Ke ai kina gani. Ba haka yake ba."

Kika shiga ɗaki kika ɗauko tabarauna na karatu da kwalbar basilin, kika lakato da yatsa kika shafe gilashin hagu, kika ɗora mini a hanci. Gidan da na yi shekara goma sha biyu a cikinsa ya narke. Na ga haske, na ga duhu-duhu inda ƙofofi suke, na ji muryar Inna amma ban ga fuskarta ba. Na san akwai turmi a wani wuri tsakanina da ɗakina, na san akwai rijiya, na miƙa hannuwa, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Na karanta komai a kan abin nan, na yi wa likita tambayoyin da suka ba shi mamaki, na koyar da shi ga yara ɗaruruwa. Awa shida kullum nake barin ki a haka. Ni ban kai minti goma ba na kai hannu zan cire.

Kika riƙe mini hannu.

"A'a, Mama. Sai azahar ɗin gobe."

Inna ta yi dariya har ta ƙware. Ke ba ki yi ba. Kika ja ni a hankali, kina gaya mini inda zan taka, har kika zaunar da ni a bakin ƙofa.